Yadda Za Ka Fita Daga Hutun Biki Da Nauyin Da Ka Shiga Da Shi

Duk wanda ya ce mini zai rage ƙiba a lokacin biki, nakan ce masa ya ajiye wannan burin tukuna. Gida cike da baƙi, tukunya ba ta sauka daga wuta, lokacin barci ya rikice, ina mutum zai samu natsuwar rage nauyi? Abin da zai yiwu shi ne ka tsare nauyinka inda yake har hutun ya wuce, kuma wannan ya isa.

Ga dalilina. A shekarar 2000, masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka sun wallafa wani aiki a mujallar New England Journal of Medicine. Sun riƙa auna mutum 195, suka tarar daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu, lokacin bukukuwansu, matsakaicin ƙarin da aka samu bai kai rabin kilo ba. Kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya dame ni shi ne, da aka sake auna mafi yawansu bayan shekara ta zagayo, ƙarin yana nan bai sauka ba, kuma masu jiki tun farko su ne suka fi ƙaruwa. Kusan rabin kilo bana, wani baɗi, kafin shekara goma ka ga wando ya ƙi ɗauruwa. Da yayyafi kogi kan cika.

Saboda haka fara da sikeli. Kafin a shiga hidima, hau ka rubuta nauyinka a takarda, ka manna inda za ka riƙa gani. Daga nan ka riƙa hawa aƙalla sau biyu a mako, da safe bayan ka zaga, kafin ka sa komai a baki, sikelin kuma a kan daɓe mai tauri, ba kan kafet ba. Jami'ar Birmingham a Ingila ta gwada wannan da mutum 272, aka buga sakamakon a mujallar likitoci ta BMJ a 2018. Waɗanda aka sa su auna kansu, aka kuma ba su 'yan shawarwari kan ci da sha, sun gama bikin ba su ƙaru ba. Sauran sun ƙara kusan kilo 0.4. Wanda ya ga lamba da safe, hannunsa yakan yi nauyi wajen ƙari da dare.

Amma kada lambar washegarin walima ta tayar maka da hankali. Za ka iya ganin ƙarin kilo ɗaya ko fiye, kuma yawancinsa ruwa ne. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, sitacin da jiki ya adana a hanta da tsoka shi ma kowane giram yana tafe da kusan giram uku na ruwa, ga abincin da bai gama wucewa ba. Kilo ɗaya na kitse yana bukatar rarar kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki) wajen 7,700, ba abin da ake tarawa a zama ɗaya ba ne. Kada ka wuni da yunwa don ramuwa. Koma cin da ka saba, cikin kwana biyu zuwa uku lambar za ta sauko.

Wannan ne ya kawo ni inda na fi son a tsaya. Ranar bikin kanta ba ita ke sa teɓa ba, ranakun da ke tsakani ne. Duba kalanda, ka ware ranakun walima na gaskiya, wataƙila uku ko huɗu. A waɗannan ci abin da ranka yake so, da daɗin rai. Sauran ranakun kuwa na yau da kullum ne, ko da ba a zuwa aiki. Abin da ke ɓata wannan tsari shi ne ragowa. Tiren soye-soye a kan tebur, rabin kek a firij, kwanon alewa kusa da talabijin. Ka zo wucewa ka ɗauki ɗaya, ka dawo ka ɗauki biyu, ba ka zauna ba balle ka lissafa shi a cikin abinci. A daren da aka watse, raba ragowar, ka ba baƙi su tafi da wani, ka daskarar da wani, abin da ya rage ka rufe shi a mazubin da ba a ganin cikinsa. Mai girki kuma ta lura da ɗanɗane; cokali nan, yanka can, kafin a zuba abinci ta ci rabin faranti a tsaye.

Ranar walima kada ka je da yunwa. Mutane da yawa suna ƙin karin kumallo wai don su bar wuri, sai su isa ido rufe. Ci ƙwai ko wake ko madara marar sukari da safe, ka sha ruwa kafin a zauna. In ka zo zubawa, kayan lambu su ci rabin farantin, nama ko kifi kwata, shinkafa ko taliya ko dankali kwata. Zaɓi abin da ba ka samu sai a biki, ka bar wanda kake ci kullum. Zauna ka ci a hankali, ka dakata kamar minti ashirin kafin ka yanke shawarar ƙari. In mai gida ya matsa, ba sai ka kawo zancen ƙiba ba. "Wallahi ya yi daɗi, na ƙoshi, Allah ya saka da alheri" ta wadatar, in ka faɗe ta da fara'a.

Abin sha ya fi komai yaudara, don ba ya ƙosarwa. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kamar giram 50 ga babba, in ya sauka zuwa 25 ya fi. Ruwan 'ya'yan itace da aka matse yana cikin wannan lissafin. Ni dai ƙa'idata kofi ɗaya na mai zaƙi, sauran ruwa.

Motsa jiki kuwa, kada ka ɗauke shi a matsayin biyan bashin abin da ka ci. Tafiyar sauri ta rabin awa ga mai kilo 70 ba ta ƙona abin da ya wuce kalori 150 da yawa, kusan gwangwanin lemo ɗaya ke nan. Amfaninsa yana wani wurin. A 2013, Jami'ar Bath ta sa samari 26 su yi mako guda suna cin abin da ya fi bukatarsu, aka kuma rage musu tafiya sosai. Rabinsu suna gudun minti 45 kullum, aka kuma ƙara musu abinci don rarar ta zo daidai da ta sauran. Waɗanda ba su motsa ba, yadda jikinsu ke sarrafa sukari ya taɓarɓare cikin makon nan. Masu gudu nasu bai canja ba. Shi ya sa nake roƙon mutane kada su ajiye takalmin motsa jiki a hutu. Ma'aunin hukumar ta duniya ga babba minti 150 ne zuwa 300 a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Fita da sassafe kafin gida ya tashi, don da rana ba za a bar ka ba. Bayan babban abinci ja yara ko baƙo ku taka na minti goma sha biyar. Tsugunawa da miƙewa, da hawa matakala, ba sa bukatar kayan aiki.

Kula da barci ma. Wani gwaji a Jami'ar Chicago a 2004 ya nuna dare biyu na barcin awa huɗu sun ɗaga sinadarin da ke tayar da yunwa, suka ƙara kwaɗayin zaƙi da sitaci. In an yi hira har tsakar dare yau, gobe kwanta da wuri.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin kada ya tsallake abinci da kansa, ya tambayi likitansa yadda zai tsara ranakun biki. Ga kowa kuma, ranar da hutu ya ƙare ka koma tsarinka a ranar, ba sai Litinin ba. Bayan mako guda hau sikeli ka gwada da lambar da ka manna. In ƙarin ya haura kilo ɗaya, cire lemo da soye-soye na mako biyu, ka ƙara minti goma a tafiyarka, sannan ka sake aunawa.