Yadda ake ɗaura garma a bayan tarakta, kamar yadda usta ya koya mini a Gadarif

Ranar da na fara hawa Massey Ferguson a wata gonar dawa da ke kudancin Gadarif a ƙasar Sudan, usta, wato ƙwararren direban da ke koya mini, bai bar ni na taɓa sitiyari ba. Bayan taraktar ya kai ni, ya nuna mini hannuwan ƙarfe biyu na ƙasa da sanda ɗaya ta sama, ya ce, "Yaro, nan taraktar take. Sauran duk inji ne da taya."

Waɗannan ƙarafa uku dabarar Harry Ferguson ce, ɗan manomi daga arewacin Ailan da aka haifa a 1884. Kafin shi, jan garma ake yi a baya kamar amalanke. In ta sarƙe da dutse ko saiwa, sai gaban tarakta ya ɗaga ta kife kan direba. Shi ya mayar da garma gaɓar jikin tarakta. A 1938 suka yi musabaha da Henry Ford, ba takarda, aka fitar da Ford 9N a 1939, sannan 'yar toka-tokar nan TE20 ta fito daga Kwabantiri ta Ingila a 1946. Kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris a 1953, asalin sunan da ke jikin jajayen taraktocinmu ke nan.

To, ga aikin. Ka ajiye garma a wuri mai shimfiɗa, ka dawo da baya a giya mafi sanyi har ƙwallayen hannuwan su yi saiti da fil ɗin garmar. Kada kowa ya tsaya tsakani, ko da ƙaninka ne mai zumuɗin taimako. Ja birkin hannu, sannan ka sauka. Hannun hagu za ka fara sawa, don shi ba ya daidaituwa. Na dama yana da abin murɗawa da ke ɗaga shi ko sauke shi, sai ka murɗa har ya shiga da kansa. Guduma ba ta da aiki a nan. Sandar sama ce ƙarshe. Kowane fil ka sa masa makullinsa, ban da ƙusa ko guntun waya, duk da na san yadda kayan gyara suka yi tsada a shekarun nan. Ka duba kaurin fil ma: na ƙananan taraktoci milimita 22 ne, na manya 28, in ka sa siriri a faffaɗan rami zai yi ta girgiza har ya cinye ƙwallon.

Inda samari suka fi ɓata aiki shi ne sandar sama. Ka gajarta ta, garma ta dunƙufar da baki ta nutse. Ka tsawaita ta, ta riƙa shafar ƙasa tana tashi. Kada ka yanke hukunci a layin farko, domin tayar dama ba ta faɗa kwari ba tukuna. A layi na biyu tarakta za ta karkata, sai ka tsaya, ka koma baya taku goma, ka durƙusa ka hango. Jikin garma ya zama a miƙe da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama. In faifan garma na gaba ya fi na baya cin ƙasa, ƙara wa sandar tsawo zagaye ɗaya ko biyu.

Sai libobi biyu da ke hannun damanka. Ɗaya na tsayar da kaya a tsayin da ka zaɓa, ɗayar kuma tana jin nauyin ja. Ta biyun ce ainihin gadon Ferguson, ita kuma ake huɗa da ita. Garma na cin karo da ƙasa mai tauri sai ta tunkuɗi sandar sama, sandar ta danne wani sifirin, haidirolik ya ɗan ɗaga garmar, nauyinta ya koma kan tayoyin baya su ƙara riƙo. Da an wuce wurin ta koma zurfinta. A baƙar lakar nan tamu, mai tsagewa da rani ta yi danƙo da damina, wanda ya yi huɗa da libar tsayi zai ga taya na juyawa a wuri ɗaya, gas na ƙonewa. Manyan gonaki dai da faffaɗar garmar diski suke aiki, wadda ake ja, ita kuwa a sandar ja ta ƙasa ake ɗaura ta.

Nan ma na taɓa yin wauta. Na ɗaura sarƙa a mazaunin sandar sama zan tumɓuke kututturen ƙaya, ina sakin kuloci na ga hancin tarakta ya rufe mini rana. Allah ne ya sa ƙafata ba ta bar kulocin ba, na danne, gaban ya dawo ƙasa da ƙarfi har haƙorana suka haɗu. Usta bai yi faɗa ba. Ya kwance sarƙar, ya ɗaura ta a sandar ja, ƙasa da ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ya miƙo mini makulli.

In ka tashi aiki, sauke garma har ƙasa kafin ka kashe inji, don yara na son wasa a ƙarƙashinta. Da safe kuma ka duba man giya, shi haidirolik ke sha.