Yadda na gano iyayen Cattleya ta bayan sunanta ya goge

Furen okid irin Cattleya nake tarawa a gidana da ke Samaru, tukwane bakwai a inuwar mangwaro, kuma tsofaffin iri na fi so. Ranar da na zo sauya wa wata mai farin fure gawayin da take dashe a ciki, sai na tarar rana da ƙurar hunturu sun cinye sunanta da na rubuta da alƙalamin maka a jikin ɗan allon robarta. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin Cattleya farare kamarsu ɗaya, in suna ya ɓace asali ya tafi ke nan.

Da dare na wanke allon, na haska shi da tocilan ta gefe, ba ta sama ba. Ashe biron wanda ya ba ni furen ya bar sawu a robar: "Bob Be".

Na shiga rajistar okid ta RHS, ƙungiyar masu lambu ta Ingila, a intanet, na nemi sunan. Bob Betts ce, an yi mata rajista a 1950, haɗin Bow Bells da Cattleya mossiae, furen ƙasar Benezuwela. Na bi Bow Bells ɗin, ta 1945, iyayenta Edithiae da Suzanne Hye. Har kakanni ke nan na samu a zama ɗaya.

Yanzu da fensir nake rubutu, rana ba ta cin sa. Allo biyu kowace tukunya, ɗaya na binne shi cikin gawayin, sannan na kwafe duka a littafi.