Yadda za ka ga tsuntsuwar da ake kira baiwar Allah ta dutse a dajin Amurum

Dajin Amurum yana kusa da ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos, girmansa wajen hekta 300. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana wurin, don haka ka fara neman izininsu kafin ka shiga, ka kuma nemi ɗan rakiya.

Dajin kashi uku ne: duwatsu, da kurmin da ke bin kwazazzabai, da filin ciyawa mai ƙananan itatuwa. Baiwar Allah ta dutse, 'yar ƙaramar tsuntsuwa mai cin irin ciyawa, wadda sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ce daban, ba ta nisa da duwatsu. Wanda ya ɓata safiyarsa cikin kurmi zai ga wasu tsuntsayen, amma da wuya ya gan ta.

Ka isa da ƙarfe shida da rabi. Rana na ɗagawa, wajen ƙarfe goma, tsuntsaye kan yi shiru su shige inuwa. Ka tafi da madubin hangen nesa mai lamba 8x42, da littafi da fensir, da takalmi mai kama dutse, don da damina duwatsun nan santsi gare su. Fararen kaya a bar su a gida, ka sa masu launin ƙasa. Kuma kada ka zura hannu cikin tsagar dutse, gidan maciji ne.

Ka samu gindin dutse inda ciyawa ta zubar da iri, ka juya wa rana baya, ka zauna minti goma ba motsi. Idan shiru, matsa gaba kamar mita 200. Da rani aikin ya fi sauƙi: nemi kwazazzabon da ruwa ya rage a ciki, tsuntsayen da kansu za su zo sha.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar baiwar Allah ta gida a matsayin ta dutse. Dubi baki tukuna. Ta gida bakinta ja ne, ta dutse kuwa toka-toka mai shuɗi-shuɗi. Namijin ta dutse bayansa ja ne, ƙeyarsa ruwan toka. Kada ka kai madubi ido sannan ka shiga lalube. Kafe tsuntsun da ido, ka ɗago madubin zuwa fuskarka.

Daga ƙarshen damina zuwa kaka, ka lura da wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ke kuka a ƙololuwar itace. Macensa a sheƙar baiwar Allah ta dutse take yin ƙwai, namijin kuma kukan baiwar Allah ta dutsen yake kwaikwayo. Da kukan ake bambanta shi da 'yan uwansa, don a ido kusan duk ɗaya suke.

Kunna kukan tsuntsu a waya don a janyo shi ba dabara ba ce, yana tayar da masu kwanci daga kan ƙwai. Da hunturu kuma ka hure ƙurar madubi kafin ka goge, in ba haka ba gilashin zai karce.