Kurakuran masu koyon tausa da na gaji da gani

Kaka ta yi, kullum bayan magariba sai an aiko yaro gidanmu, wai a zo a duba wane, baya ya riƙe. A ƙauyukanmu na ƙasar Ringim, mai yankan gero da mai ɗaukar dami da wadda ta wuni tana surfe, duk jikinsu tausa yake nema. Ni a hannun kakata na koya, yau sama da shekara 20. 'Yan matan da ke zama kusa da ni suna koyo kuwa, kurakurai iri ɗaya suke ta maimaitawa har bakina ya gaji.

Na farko shi ne wanda ya ci mini awaki biyu, ya kusa nakasa mini ɗa. Yana shekara 11 ya faɗo daga amalanke, idon sawunsa ya kumbura nan take. Na ce targaɗe ne. Na dafa ruwa na gasa wurin, na kwaɓa man zafi da man kaɗanya, na zauna na yi ta murza. Yana ihu yana cewa "Inna, don Allah ki bari," ni kuma ina ce masa ya daure, jinin ne zai watse. Gari na wayewa ƙafar ta yi suntum, fatar har sheƙi take. Sai a kwana na uku muka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, hoto ya nuna ƙashi ya tsage. Sati shida ƙafar na ɗaure. Har yau in na tuna kukan yaron nan sai cikina ya juya.

A can aka fahimtar da ni cewa sabon rauni jini ne ke tsiyaya daga ciki, zafi da murza kuma ƙara masa gudu suke yi. Saboda haka kwana biyu zuwa uku na farko ba tausa, ba gashi. Ni yanzu tsumma nake tsomawa a ruwan randa, in an samu ƙanƙara a naɗe ta a zane, a ɗora minti 15 zuwa 20, a sa ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tudu. In mutum ya kasa yin taku huɗu a kanta, ko ka danna kan ƙashin kansa ya zabura, ba aikina ba ne, a je a yi hoto.

Na biyu ya fi tayar mini da hankali, don shi rai yake ɗauka. Maijego ce za ta ce ƙafarta ɗaya ta yi nauyi, sha-raɓar ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo in ta taka. Sai ka ga an kira mai tausa ta zo ta matse mata. Ke, wa ya aike ki? A makonni shidan farko bayan haihuwa, wato kusan kwanakin wankan nan namu na arba'in, jinin mace na saurin daskarewa. Gudan jini na iya toshe jijiyar ƙafa, in aka matsa ya ɓalle ya bi jini sai huhu, numfashi ya sarƙe. An taɓa kirana irin wannan, na taɓa ƙafar na ji ta fi 'yar'uwarta zafi, na janye hannuna. Surukar ta ce, "Haba Yaya, ɗan matsawa kawai." Na ce mata ko taɓawa ba zan ƙara ba, a nemo mota yanzu. Ta yi fushi da ni har suna ya wuce, ban damu ba. Haka ma tsohon da ya daɗe a kwance, in ƙafa ɗaya ta kumbura.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. Tausa da busasshen hannu fata take ci. A yanke farce, a cire zobe. Kada a danna ƙashin baya, naman gefe da gefensa ake bi. Man zafi ba ya hawa kan yanka ko ƙurji, ba ya zuwa kusa da ido. Mai ciwon suga ƙafarsa ba ta cika jin zafi ba, sai a ƙona shi da ruwan gashi bai sani ba. Mai zazzaɓi magani yake so, ba tausa ba. Murɗa wuya don a ji ƙaras, ni ba na yi, ba na kuma bari a yi a gabana. Sa yara su hau bayan tsoho suna tattakawa ma na hana a gidana.

Sai masu ganin in mutum bai yi ƙara ba tausa ba ta shiga ba. Nama in ya ji azaba ɗaurewa yake ƙara yi. Ni man kaɗanya nake narkarwa a tafin hannu ya yi ɗumi, in fara shafa a hankali daga ƙugu zuwa kafaɗa har jikin ya saki. Inda na ji naman ya dunƙule, in ɗora babban yatsa in danna, in ƙirga 20, in saki, in koma shafa. Ƙafa kuwa daga ƙasa nake yo sama. Ina yi ina sauraron numfashin mutum, da na ji ya riƙe shi na san hannuna ya yi nauyi, sai in sassauta in ce, "Baba, nan ya yi, ko in rage?"