Yadda na rage wa maharbina ƙarfi a Dungeons & Dragons

Rukunin maharbi da na ƙirƙira wa teburinmu, a bugu na biyar na wannan wasa da kowa ke taka rawar jarumi ana jefa dayis, ya yi ƙarfi har ya hana kowa sakat. Kowace kibiyarsa tana ƙara dayis biyu masu fuska shida, wato kusan maki 7 a kan ɓarnar da ta saba. A mataki na ɗaya ba a lura ba. Da aka kai mataki na 5, inda ake samun hari na biyu, sai abin ya ninka.

Na zauna da biro da takarda. Mayaƙi mai takobi, sara biyu, yana yin kusan 17 idan duka sun samu. Maharbina kuwa 31. Shi ya sa mai mayaƙin ya koma danna waya lokacin faɗa.

Na ari dokar da littafin wasan ya ɗora wa rukunin ɓarawo: ƙarin yana aiki sau ɗaya kacal a kowane juyin ɗan wasa. Dayis ɗin ma na mayar da shi ɗaya, sai ya ƙaru a mataki na 11. Lissafi ya sauko 20 da ɗan wani abu, na kuma rage masa sulke don ya biya kuɗin ratar. Mai maharbin ya yi ƙorafi, sai na ba shi gwanintar bin sawu a daji, ya haƙura.