Daga falwaya zuwa soket: kurakuran da muke tafkawa a harkar wutar gida

Jama'ar Bauchi akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da wutar lantarki, kuma kusan duk gidan da aka kira ni aikin wayarin sai na sake cin karo da shi. Mun juya lamarin ne gaba ɗaya. Abin da yake haƙƙin kamfani ne ya gyara mu ne muke bi gida-gida muna tara masa kuɗi, shi kuma wanda yake wuyanmu, wayarin ɗin cikin gida da atin (ƙarfen kariya da ake kafawa a ƙasa) da cenjoba (makunnin sauya wuta tsakanin ta kamfani da ta janareta), mun yi ko oho da shi sai ranar da firij ya ƙone ko yaro ya taɓa get wuta ta ja shi sannan a ce ai 'yan NEPA ne.

Iyakar ba ta da wuyar ganewa, mita ce. Daga taransifoma zuwa falwaya zuwa wayoyin da suka bi layi har ita kanta mitar, wannan ɓangaren kamfanin rarraba wuta ne, mu nan Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai kamfanin JED na Jos ne yake riƙe da mu tun da aka sayar da kamfanonin a Nuwamban 2013. Daga bayan mita zuwa cikin gida kuwa, duk wata waya da soket da makunni da bireka, naka ne kai mai gida, in ya lalace kai za ka nemo mai gyara ka biya. Abin da ke ɗan rikita mutane shi ne wayar sabis da ke saukowa daga falwaya zuwa gida, domin lokacin da za a haɗa maka sabuwar wuta kai ne kake ɗaukar kuɗin kayan haɗin, sai mutum ya ɗauka tunda shi ya saya to yana da ikon ya sa kowa ya hau ya taɓa. A'a. Saye daban, hawa falwaya daban.

Bari in fara da karo-karon taransifoma tunda shi ya fi cin kuɗin talaka. Taransifoma ta buga, washegari an kafa kwamiti, an buɗe littafi, kowane gida kaza masu shago kaza, wanda bai biya ba a ce za a cire masa waya. Hukumar NERC da ke sa ido kan harkar wuta ta sha faɗa cewa ba aikin mai amfani da wuta ba ne ko unguwa su sayi taransifoma ko falwaya ko su gyara su, aikin kamfani ne, kuɗin yana cikin abin da kake biya. Na san abin da za a ce min, malam in ba mu haɗa ba haka za mu kwana cikin duhu ga zafin Maris da Afrilu ga sauro ga masu sana'ar ƙanƙara da niƙa jarinsu na narkewa, kuma wallahi ban ga laifin wanda ya gaji ya cire kuɗinsa ba. Amma in dai za a haɗa ɗin, to kar a damƙa kuɗi a hannun wani haka kawai don ya zo da riga mai tambari. A rubuta wa kamfani takarda, a yi yarjejeniya a rubuce kafin a sayi komai, a faɗi nawa aka kashe da yadda za a mayar wa jama'a kuɗinsu ko da ta hanyar ba su wuta ne a madadi, domin da zarar an ɗora taransifomar nan a kan layi ta shiga kayan kamfani, ba ku da ikon cewa taku ce. Unguwanni da yawa sun saya da guminsu, ba takarda ba rasit, yau ko sisi ba mai iya nema.

Sai hawa falwaya. Wuta ta yi ƙasa a layinka na maƙwabci kuma tana da ƙarfi, sai a kira wani yaro mai filaya da tsani ya hau ya mayar da kai ɗaya layin. Kowa ya yi haka sai gidaje su taru a kan layi guda cikin ukun da ke fitowa daga taransifoma, fiyus ɗin taransifoma ya dinga tsinkewa, a ƙarshe ita kanta ta ƙone, mu dawo kan littafin karo-karo. Ga shi yaron nan bai san ko an ɗauke wutar ne na minti biyar ba, yana sama za a iya dawo da ita. In layinka na da matsala kai rahoto ofis su turo ma'aikacinsu. Haka katawut, wato akwatin fiyus ɗin da ke jikin bango, fiyus ya tsinke sai a samo waya mai kauri ko a ninka siririya sau da yawa a cusa wai don kar ya sake tsinkewa, alhali tsinkewar ita ce aikinsa, shi ne yake mutuwa don gidan ya tsira. Ka hana shi tsinkewa, to wayar da ke cikin silin ce za ta yi zafi a madadinsa.

Akwai wata alama da nake so kowa ya riƙe. In ka ga ƙwan ɗaki ɗaya ya yi haske fiye da kima na wani ɗakin ko na maƙwabci kuma ya koma ja kamar zai mutu, fanka tana wani irin gudu tana ƙara, maza je ka kashe babban makunni. Yawanci wayar niyutiral, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ce ta saki ko aka sace ta a taransifoma, kuma in hakan ta faru wutar da ya kamata ta shigo maka a ƙarfin bolt 230 tana iya haurawa ta doshi 400, cikin ɗan lokaci talabijin da caja da firij duk sun tafi. Kar ka tsaya cire soket ɗaya-ɗaya. Kashe gaba ɗaya, ka sanar da maƙwabta, a kira kamfani. In sakin daga falwaya ne nasu ne, in kuma a cikin allon rarraba wutar gidanka ne to naka ne, mai wayarin zai gane da ya sa mitar gwaji.

Yanzu ɓangarenmu. Atin, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa a haɗa shi da wayarin ɗin gida don in wuta ta zube a jikin ƙarfe ta bi ta nan ta shige ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Gidaje nawa ne a Yelwa da Fadaman Mada da sabbin unguwannin bayan gari aka kashe miliyoyi a tayil da silin amma ba atin? Wani ka buɗe soket ka ga waya biyu ce kawai, ramin na uku fanko. Wani an kafa amma guntun rodi ne aka soka da bai kai kamu biyu ba, ya yi tsatsa wayar ma ta rabu da shi tun tuni. A samu ƙarfen atin na gaske mai jan ƙarfe a jiki, a kafa shi ya nutse sosai a inda ƙasa ke riƙe danshi, a ɗaure wayar da maƙalli ba a naɗa ta da hannu ba, kuma a auna shi da na'ura, musamman da rani lokacin da ƙasarmu ke bushewa ƙayau. Sannan a sa bireka mai gane zubar wuta, irin mai 30mA, ita ce take yanke wuta nan take in ta fara bin jikin mutum. Duk gidan da ke da hita a banɗaki ko injin jan ruwa bai kamata a ce babu ita ba.

Kaurin waya ma haka. Waya mai lamba 1.5 ta ƙwai ce da fanka, 2.5 ta soket, AC da hita a ja musu layinsu daban da 4, murhun girki na lantarki mai cin wuta sosai 6. Amma sai mai gida ya ce a zuba 1.5 ko'ina don ta fi araha, ko ya sayo wadda aka rubuta 2.5 a kwali ka fere ta ka ga silin gashi ne a ciki. In za ka saya tafi da mai aikin, a fere bakin a gani. Kuma shi mai aikin a tambaye shi shaidarsa, hukumar NEMSA ce take ba masu wayarin takardar ƙwarewa, ba duk mai tasta a aljihu ne ya iya ba.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne janareta ba cenjoba. An ɗauke wuta, mutum ya tada inji ya ɗauko waya mai kai biyu ya cusa a soket ɗin bango, gida ya haska, shi ke nan a ganinsa. Bai san wutar injin nan ba a gidansa kaɗai ta tsaya ba, tana fita ta wayar sabis ta hau falwaya, in ta isa taransifoma ma sai ta juya ta ƙaru ta koma babban layi. Can kuma wani bawan Allah yana kan tsani, an tabbatar masa an kashe layi, ya kama waya da hannunsa. Mai iyali ne fa kamar kai. Wasu za su ce ai muna zare katawut kafin mu tada, to ranar da ba ka gida yaro ko uwargida suka tada suka manta fa? Ko aka dawo da wuta injin na aiki? Cenjoba ita ce take tabbatar da cewa wutar kamfani da ta inji ba za su taɓa haɗuwa ba ko da an yi mantuwa, kuɗinta bai kai na man da kake ƙonawa a sati ba, kuma wannan ɗari bisa ɗari haƙƙinka ne ba na kamfani ba. Masu sola da inbata ku ma maganar ta shafe ku.

Mita kuwa ko da kai ka biya kuɗinta a tsarin MAP, wato tsarin da mai amfani da wuta ke sayen mita da kuɗinsa, an yi mata rajista ne da wannan gidan, ba a cire ta a tafi da ita sabon gida, kuɗin da ka biya ana mayar maka ne a hankali ta hanyar yunit. Kar ka ɓalle hatiminta, kar ka bari wani ya ce zai zagaye maka ita AC ya dinga sha kyauta. Ban da haramcin cin abin da ba ka biya ba, tun Janairun 2025 kuɗin sake haɗa wanda aka kama a karon farko naira 100,000 ne ga mai layi ɗaya, 200,000 ga mai layi uku, ga kuma biyan wutar da aka sha a baya. Sabon gini kuma ƙa'ida ita ce a sa mita kafin a haɗa wuta, kar ka yarda a jona maka kai tsaye a ce mita ta biyo baya, nan ne bil ɗin ƙiyasi yake samo asali.

'Yan haya da ɗalibai na wajen Gwallameji, kafin ku biya kuɗin ɗaki ku karɓi lambar mita ko ta asusun gidan ku bincika ko akwai bashi. Bashin wanda ya tashi ba naka ba ne, amma sai ka kai takardar hayarka ofis da ranar da ka shiga kafin a raba, in ka yi shiru kana loda kati za ka ga ana ta zaftare maka.

In matsala ta ɓangaren kamfani ce, faɗa wa ma'aikaci a bakin titi ba ƙorafi ba ne. Rubuta takarda ka kai sashen sauraron koke na ofishinsu, a buga maka tambarin karɓa a kwafinka ka adana. Suna da kwanakin aiki 15 su warware. In ba a yi ba sai ka ɗauki kwafin nan ka kai ofishin Forum na NERC, wato zauren sauraron koken masu amfani da wuta, in nan ma ba ka gamsu ba ka ɗaukaka zuwa hukumar kanta. In na unguwa ne a sa hannun mutane da yawa da lambobin mitocinsu, mai unguwa ma ya sa nasa. In kuma waya ce ta faɗo ƙasa, kamar yadda ake yawan samu da iskar farkon damina, wannan ba ta jiran takarda, a tsaya nesa a hana yara da dabbobi matsawa, kar wanda ya ce zai ɗage ta da sanda ko da an ɗauke wuta, a buga wa kamfani waya nan take kuma wani babba ya tsaya a wurin har su iso.