Darasi na 7: Rana, Duniya da Wata a Kan Tebur

Kowa ya san rana tana fitowa daga gabas ta faɗi yamma. Kowa ya ga jinjirin wata ya tsaya siriri, ya yi ta girma har ya cika, sannan ya koma raguwa. Gani kam mun gani tun muna yara. Abin da ke da wuya shi ne gane yadda tafiyar take, domin mu ma a cikinta muke. Amfanin na'urar falaki ke nan. Tana ajiye mana rana da duniya da wata a kan tebur, mu tsaya gefe mu kalle su, har mu juya su da hannunmu.

Yadda na'urar take

Ƙaramar aba ce da mutum ɗaya zai iya ɗauka. A tsakiya akwai ƙwan fitila, shi ne rana. Daga gindinsa wani hannun ƙarfe ya miƙe, a ƙarshensa ga ƙwallon duniya, an zana masa ƙasashe da tekuna. Kusa da shi akwai ɗan ƙaramin farin ƙwallo a kan waya, shi ne wata. A ƙasa kuma ga faifai mai ɗauke da sunayen watanni 12, da mariƙin da ake murzawa. Idan aka murza, sai ƙafafun ƙarfe masu haƙora, irin na cikin agogo, su kama juna. Nan take duniya za ta fara juyawa, wata ya kewaye ta, su biyun kuma su tafi tare suna kewaya rana.

Maƙeran agogo ne suka fara yin irinta a Landan a farkon ƙarni na 18, musamman George Graham da Thomas Tompion. Amma wanda ya fi dacewa ɗaliban wannan aji su sani shi ne Eise Eisinga, mutumin garin Franeker a ƙasar Holan. Sana'arsa taje ulu ce. Daga 1774 zuwa 1781 ya ƙera tasa na'urar a rufin ɗakin zamansa, kuma kowace duniya a cikinta, wato tamu da 'yan'uwanta masu kewaya rana, tana tafiya daidai da lokacinta na gaskiya. Har yau tana aiki, kuma a 2023 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya. Ashe mai sana'ar hannu ma yana da rabo a ilimin taurari.

Dare da rana

Malam ko malama, a rage hasken ɗaki, a kunna fitilar. Kada a fara da dogon bayani. A bar ɗalibai su matso su duba ƙwallon duniya. Za su ga rabinsa da haske, rabi da duhu, kuma duk yadda aka juya shi haka yake zama.

A manna ɗan guntun takarda a kan wata ƙasa, a ce nan muke. Ɗalibi ɗaya ya juya ƙwallon a hankali daga yamma zuwa gabas, wato saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya idan an leƙo daga sama. Lokacin da takardar ta shigo bakin haske, gari ya waye. Da ta fuskanci fitila sak, rana ta take. Da ta kai ɗaya bakin, rana ta faɗi. Fitilar ba ta motsa ko kaɗan ba. Juyi ɗaya awa 24 ne. A manna wata takardar a ɗaya ɓarin, sai a ga dalilin da ya sa ana dare a Amurka mutanen Sin suna tsakiyar rana.

Zafi da sanyi a shekara

Wannan ne wurin da ya kamata a daɗe, domin nan ne mutane da yawa, har da masu ilimi, suke kuskure. Ana zaton lokacin zafi yana zuwa ne idan duniya ta matso kusa da rana. Ba haka ba ne. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, alhali a lokacin ƙasashen Turai suna tsakiyar sanyi. Ta fi nisa a farkon Yuli, kimanin kilomita miliyan 152, lokacin da suke cikin zafi.

To, ku dubi sandar da ta ratsa ƙwallon duniya daga sama zuwa ƙasa. Ba a miƙe take ba, ta karkata da digiri 23 da rabi. Yanzu a murza mariƙin a hankali, ido yana kan wannan sanda. Duniya tana kewaya fitila, amma sandar ba ta sauya inda take nunawa. Kullum kanta yana fuskantar gefe ɗaya na ɗakin. A sararin sama ma haka ne, tana nuna tauraron arewa.

A tsayar da hannun a kan watan Yuni. Arewacin ƙwallon ne ya sunkuyo wa fitila. Juya shi ku gani: can ƙuryar arewa ba ta shiga duhu sam, ƙuryar kudu kuwa ba ta ganin haske. Wajen 21 ga Yuni ke nan, yinin da ya fi tsawo a arewacin duniya. A ci gaba da murzawa zuwa Disamba, abin sai ya juye. Shi ya sa watan Disamba lokacin zafi ne a Afirka ta Kudu da Ostareliya. A Maris da Satumba kuwa hasken yakan raba ƙwallon daidai daga ƙurya zuwa ƙurya, dare da yini su kusa yin kunnen doki a ko'ina.

Me ya haɗa karkata da zafi? A ɗauko tocila da farar takarda. A haska takardar kai tsaye, za a ga ɗan da'ira mai haske sosai. A karkata tocilar, sai hasken ya bazu, ya yi faɗi, ya dushe. Hasken bai ragu ba, wurin da ya rabu a kai ne ya ƙaru. Ƙasashen da ke kusa da tsakiyar ƙwallon suna samun hasken kusan a tsaye duk shekara, don haka bambancin zafi da sanyi da tsawon yini bai kai na ƙasashen da ke can sama ko can ƙasa ba.

Kewaye ɗaya yana ɗaukar kwana 365 da kusan awa 6. Waɗannan awoyi su ne ke taruwa su ba Fabrairu kwana 29 duk bayan shekara 4.

Wata

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake maido mana. Ku dubi farin ƙwallon nan: shi ma kullum rabinsa ne ke da haske, rabin da ke kallon fitila. Abin da ke sauyawa shi ne yawan abin da muke iya hangowa daga wannan rabin.

Wanda ya tsaya gefen tebur ba zai gane wannan ba. Sai ɗalibi ya sunkuya, ya kawo idonsa dab da ƙwallon duniya, ya kalli watan daga nan. Idan wata yana tsakanin duniya da fitila, bayansa mai duhu muke kallo, wato wata ya ɓuya. A ɗan murza kaɗan, sai siririn haske ya bayyana a gefensa, jinjiri ya tsaya. Idan ya kai kwata na hanyarsa, rabi ake gani. Idan ya koma bayan duniya, ya cika. Kowane ɗalibi ya yi wannan da idonsa, ko da zai ci lokaci. Wanda ya gani sau ɗaya ba zai ƙara cewa inuwar duniya ce ke rage wata ba.

Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 da rabi ne, shi ya sa watan sama yake yin 29 ko 30. Goma sha biyunsu kwana 354 ne, ƙasa da shekarar rana da kusan kwana 11.

Wani ɗalibi zai tambaya, kuma tambaya ce mai kyau: in wata yana shiga tsakaninmu da rana kowane wata, me ya hana a yi husufi kowane wata? Amsar ita ce hanyar wata ta karkata da kusan digiri 5 daga hanyar duniya. Yawanci yakan wuce ta sama ko ta ƙasa, inuwa ta kuskure. Sai kusan sau biyu a shekara ukun suke iya jeruwa a layi ɗaya. Husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen wata, na wata kuma sai a daren da ya cika. Wasu na'urorin ba su da wannan karkata, to sai malami ya ɗaga wayar watan da yatsa ya nuna. A ja kunnen kowa: ba a kallon rana da ido tsirara ko da lokacin husufi ne, kuma baƙin tabarau na yau da kullum ba ya kare ido.

Sauran duniyoyi

Idan na'urarku babba ce, za ku ga duniyoyi 8. Ku lura da abu ɗaya: na kusa da rana sun fi sauri. Uɗaridu kwana 88 take gama kewaye, Zara kwana 225, Mirrihi, wadda ake ji a labarai da sunan Mas, kwana 687. Mushtari kusan shekara 12, Zuhalu 29 da rabi, Uranus 84, Neftun kusan 165. Zara ta fi mu kusa da rana, shi ya sa ba a ganin ta da tsakar dare, sai da almuru a yamma ko da asuba a gabas.

Abin da na'urar ba ta nunawa daidai

Dole malami ya faɗi wannan a fili, in ba haka ba ɗalibi zai tafi gida da hoton da ba shi ba ne. Na'urar ta iya nuna tafiya, amma girma da nisa sun fi ƙarfin tebur. Faɗin rana ya ninka na duniya sau 109. Da za a mayar da rana kamar ƙwallon ƙafa, da duniya ba ta wuce kan fil ba, milimita 2 kacal, kuma sai an ajiye ta mita 24 daga ƙwallon. Wata zai zama ɗigo, santimita 6 daga gare ta. Neftun kuwa sai an yi tafiyar mita 700. A fita fili da ƙwallo da fil a auna da taku, don jiki ya ji nisan. Hasken rana, duk da saurinsa, sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso mu. Kuma babu hannun ƙarfe a sama. Ƙarfin jan da rana take yi wa duniya, da wanda duniya take yi wa wata, shi ke riƙe kowa a hanyarsa.

Aikin gida

Ku samu shafi ɗaya a littafinku. Daga ranar da jinjirin wata ya tsaya, ku riƙa fita da faɗuwar rana kuna zana siffarsa, ku rubuta kwanan wata a ƙasa, da gefen da kuka gan shi: yamma, sama, ko gabas. Ku yi haka har daren da ya cika. A darasi na gaba kowa zai kawo zanensa, ya zaɓi guda ɗaya, ya murza mariƙin na'urar har sai watan kan tebur ya yi daidai da wanda ya zana.